Tambayoyi da amsoshi kan ƙara wa injin kofi na gida ƙarfin tururi

Injin kofi irin wanda Italiyawa ke kira espresso ya fara samun wuri a wasu gidajenmu, ko dai an sayo shi a Duwala ko Yawunde, ko kuma wani ɗan'uwa ya kawo shi tsaraba daga Faransa ko Dubai. Kukan da na fi ji daga masu shi iri ɗaya ne: kofin yana fita yadda ake so, amma da an zo dumama madara sai tururin ya yi ta huci babu ƙarfi, madarar ta daɗe ba ta yi zafi ba, kumfar kuma ta fito da manyan idanu kamar ta sabulu. Na tattara tambayoyin da ake yawan yi mini a nan Garwa, da waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Marwa, Gaundare, Kuseri da Njamena. A ganina, wutar lantarki da ruwa da madara su ke ɗauke da mafi yawan laifin a yankinmu, kuma bai kamata mutum ya kashe sefarsa a kan kayan gyara ba sai ya bincika waɗannan ukun.

An rubuta bar 15 a kwalin injina. Ashe wannan bai isa ya ba da tururi mai ƙarfi ba?

Bar ma'aunin matsi ne, kuma wannan lamba ta famfon injin ce, wanda ke tura ruwa ta cikin garin kofi, kuma kofin kansa kimanin bar 9 yake buƙata. A injin da ke da tukunyar dumama ruwa a cikinsa, zafi ne ke haifar da matsin tururi. Ruwan da aka kulle a tukunya ya kai digiri 120 yana ba da matsi kusan bar 1 a kan na iskar waje, idan kuma ya kai digiri 140 matsin yakan haura bar 2 da rabi. Lambobin da suka shafi madararku su ne yawan wat na ƙarfen dumama, wanda masu gyara a nan ke kira rezistans, da kuma girman tukunyar.

To, me ke sa wani inji ya fi wani tururi?

Injinan gida sun kasu gida uku a wannan fanni. Akwai mai tukunya ɗaya, wadda ke dafa ruwan kofi a wajen digiri 93, sannan idan an danna maɓallin tururi ta ƙara zafi ta ba da tururi. Akwai manya masu tsada, waɗanda ko dai tukunya biyu gare su, ko babbar tukunya guda da bututun ruwan kofi ya ratsa ta ciki, kuma su tururinsu a shirye yake koyaushe. Na ukun ba shi da tukunya sam, wani dunƙulen ƙarfe ne mai siririyar hanya a ciki, famfo yana tura masa ruwa kaɗan-kaɗan yana ƙafewa nan take, shi ya sa za ku ji yana bugawa tuk, tuk, tuk lokacin da yake ba da tururi. Mafi yawan ƙananan injina masu araha na wannan rukuni ne, kuma tururinsu ya fi jiƙa, ya fi rauni.

Lissafin da ke ƙarƙashin maganar ba shi da wuya. Kafin madara mililita 200 ta tashi daga digiri 5 zuwa 65, tana buƙatar zafi kimanin jul 47,000. Rezistans mai wat 1,000 yana ba da jul 1,000 ne a kowace daƙiƙa, saboda haka in da shi kaɗai aka dogara, sai an yi daƙiƙa 47 ko fiye. Abin da ke gajarta lokacin shi ne zafin da aka riga aka tara a cikin ruwan tukunyar, kuma a nan ne girma ke aiki. Mafi yawan injinan samfurin Gaggia Classic da ke hannun mutane tukunyarsu ta alminiyom ce mai cin kimanin mililita 100, ta samfurin Rancilio Silvia kuwa ta tagulla ce mai mililita 300, shi ya sa Silvia ke daɗewa tana hura madara ba ta gaji ba. Duk dabarar da zan ambata a ƙasa hanya ce ta samun cikakken abin da injinku zai iya bayarwa, amma babu wadda za ta mayar da ƙaramar tukunya babba.

Da safe tururin yana da ƙarfi, amma bayan magariba sai ya mutu. Injin ne ya fara lalacewa?

Da wuya ya zama injin ne. Wannan alama ce ta faɗuwar tansiyon ɗin wuta, wato ƙarfinta da ake aunawa da bolt, kuma ita ce abu na farko da nake roƙon kowa ya bincika. Wutar Kamaru da ta Cadi bolt 220 ce a ƙa'ida, injinan Turai kuma an ƙera su ne a kan bolt 230. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zafin da rezistans ke bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda tansiyon ya faɗi, domin ana ninka raguwar ne a kanta. Idan wutar gidanku ta sauka zuwa bolt 190, injin da aka rubuta masa wat 1,200 ba ya ba da fiye da wat 820, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Fitilunsa za su kama, famfonsa zai yi ƙara, kofi ma zai fita, domin kofi ɗan ruwa kaɗan yake buƙata, amma tururi da ke cin zafi babu tsayawa shi zai tona asirin wutar.

Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma watannin da ruwa ke ja baya su ne watannin da zafi ke sa kowane gida ya kunna fanka da firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Ga shi kuma bayan magariba unguwa gaba ɗaya take kan wuta. Gidan da ke ƙarshen layi, ko wanda ke raba mita ɗaya da maƙwabta, shi ya fi jin jiki. Ku nemi mai gyaran lantarki ya auna muku tansiyon a bakin soket ɗin da injin yake, ya auna da safe, ya sake aunawa da dare, kuma ya auna daidai lokacin da injin ke ɗaukar zafi, domin soket ɗin da ke nuna 215 babu kaya a kansa yana iya sauka sosai da zarar injin ya fara jan wuta.

Wani lokaci ma a cikin gidan matsalar take. Doguwar waya mai bakuna da yawa, irin siririyar nan ta kasuwa, tana cinye wani kaso na wutar kafin ta isa injin. Idan kun taɓa wayar ko filogin kun ji ɗumi, to zafin da ya kamata ya shiga madararku ne ke tsiyaya a hanya, kuma hanyar gobara ce. Injin kofi soket nasa na kansa yake so a bango, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa, tunda ƙarfe ne mai ruwa a ciki da ake taɓawa da jiƙaƙƙen hannu.

Regilata zai magance wannan? Janareto ko sola fa?

Regilata, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sitabilaiza, yana taimakawa ƙwarai idan ya isa girma. Wanda aka rubuta wa VA 1,000, wato awon ƙarfinsa, na talabijin ne, bai dace da injin mai wat 1,200 ba, kuma ƙarfin kowane regilata yana raguwa idan wutar da ke shiga cikinsa ta yi ƙasa sosai. Ina ba da shawarar a ɗauki mai VA 3,000, ko aƙalla ninki biyu na wat ɗin injin, kada kuma a haɗa masa firiji. Ƙaramin janareto da bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki injin ba. Masu sola su tuna cewa wat 1,200 yana jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 12, saboda haka sai inbata babba da wayoyi masu kauri, kuma ya fi kyau a yi kofin da hantsi lokacin da rana ke ciyar da faranti.

An kawo mini injin daga Amurka. Zan iya amfani da shi?

Injinan Amurka na bolt 120 ne, kuma idan aka cusa su kai tsaye a soket ɗinmu za su ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin da tazara mai kyau. Ƙaramar taransifoma za ta yi zafi ta kuma shaƙe tururin.

Da can tururin yana da kyau, sai ya riƙa raguwa wata bayan wata. Me ya faru?

Abu biyu ne, kuma na farkon ba ya cin ko dala. Idan an rufe tururi, bututun da ake tsomawa a madara ya fara hucewa, yakan zuƙo ɗan madara ciki, madarar ta dahu ta bushe a ramin kan bututun, ramin da bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Ku bari injin ya huce, ku kwance kan, ku jiƙa shi a ruwan zafi, ku share ramin da tsinken sakace ko ɗan allurar da ke zuwa da injin, ba tare da kun faɗaɗa shi ba. Idan tururi ya fito da ƙarfi lokacin da kan ba ya jiki, kun gano mai laifin. Daga ranar, duk lokacin da kuka gama, ku goge bututun da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin madarar ta kama, ku kuma buɗe tururi na daƙiƙa biyu ya feso abin da ya shiga.

Na biyun shi ne farin ɓawon nan da kowa ya sani a gindin butar shayi, wanda masu jin Faransanci ke kira kalker. Sinadarin kalsiyom ne da ke narke a ruwa, zafi ke sa shi ya daskare, kuma gwargwadon zafin gwargwadon saurin taruwarsa, ga shi tukunyar tururi ta fi butar shayi zafi nesa ba kusa ba. Yana lulluɓe rezistans ya hana zafi shiga ruwa, yana toshe siraran hanyoyi, yana cika wurin da ruwa ya kamata ya zauna. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, amma butar shayinku shaida ce da ba ta ƙarya: idan tana yin fari cikin makonni kaɗan, cikin injinku ya fi ta.

Da me zan wanke ɓawon, kuma wane ruwa zan riƙa zubawa?

A injin mai tukunyar tagulla ko ta baƙin ƙarfe mara tsatsa, garin asid sitrik yana aiki: babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita ɗaya ta ruwa. A tura wani kaso ta bututun tururi da ta bakin kofi, a kashe injin a bar shi minti 15 zuwa 20, a maimaita har ruwan ya ƙare, sannan a ɗauraye da tanki biyu ko uku na ruwa mai tsabta. Mai tukunyar alminiyom ya nemi maganin da kamfanin injin ya amince da shi, domin asid na iya cin alminiyom. Ruwan lemun tsami yana da tsaki da sukari, kada a zuba shi. Asid ɗin batir kuwa guba ne, ko kusa da injin kada ya zo. Idan injin ya shekara biyu ko uku ba a taɓa wanke shi ba, gara mai gyara ya buɗe tukunyar ya wanke ta a waje, saboda ɓawon da ya ɓalle gunduwa-gunduwa yakan je ya toshe bawul. Haka ma manyan injina masu tukunya biyu, waɗanda fitar da ruwan magani daga cikinsu ke da wuya.

Game da ruwa, hanya mafi araha ita ce a tafasa shi a tukunya, a bar shi ya huce ya kwanta, a tsiyaye na sama, domin wani kaso na kalsiyom ɗin zai zauna a tukunyar girki maimakon cikin injin. Ruwan gora ba dukansa ne mai laushi ba, ku karanta takardar jikinsa ku zaɓi wanda kalsiyom da bikabonet ɗinsa suka fi ƙanƙanta. Tataccen ruwan da babu sinadari ko kaɗan a cikinsa shi ma bai dace shi kaɗai ba, yana cin ƙarfe, kuma injinan da ke gane cikar tukunya ta hanyar lantarki ba sa jin sa.

Akwai dabarar da za ta ƙara ƙarfi ba tare da na sayi komai ba?

Akwai, ga masu tukunya ɗaya. Termosta, wato abin da ke lura da zafin tukunya, yana kashe rezistans da zarar zafi ya kai iyakar da aka sa masa, kuma ba ya sake kunna shi sai zafin ya sauka sosai. Wanda ya jira fitila ta ce an shirya, ya fara aiki ne daidai lokacin da wuta ta ɗauke daga tukunyar, shi ya sa tururin ke zuwa da ƙarfi sannan ya faɗi a tsakiyar aiki. Ku ƙirga daƙiƙun da injinku ke ɗauka daga danna maɓalli zuwa canjin fitila, sannan ku riƙa fara hura madara daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin wannan lokacin. Ta haka rezistans zai ci gaba da ci har ku gama. A wasu injina fitilar kamawa take yi idan an shirya, a wasu kuma mutuwa take yi, sai kowa ya lura da nasa.

Kafin ku tsoma bututun, ku buɗe shi a cikin wani kofi har ruwan da ya kwanta a ciki ya fita, tururi busasshe ya biyo baya. Bayan kun gama kuma, wajibi ne ku kashe maɓallin tururi ku kunna famfo har ruwa ya fito ta bututun, domin tukunyar ta sake cika. Tukunyar da aka bari rabi babu ruwa ita ke ƙona rezistans, wanda samunsa a Garwa ko Njamena ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan na sa kan bututu mai ramuka huɗu irin na manyan shaguna fa?

Zai ƙara muku rauni. Ramuka huɗu na tukunya mai lita da yawa ne, ƙaramar tukunya kuwa za su zuƙe ta cikin daƙiƙu kaɗan. Rami ɗaya, ko biyu ƙanana, shi ke riƙe matsi ya sa tururin ya fita da saurin da zai juya madarar. Idan bututunku na sanye da wata riga ta roba ko ta ƙarfe mai ɗan rami a gefe, wadda ake kira panarello, ita ce ke zuƙo iska da kanta tana yin manyan kumfa. Cire ta yakan gyara kumfar, kuma masu tsohon Gaggia Classic sun daɗe suna musanya bututun gaba ɗaya da na Rancilio Silvia. Kafin ku yi odar kowane kai, ku tabbatar zaren murɗinsa ya dace da na bututunku.

Mai gyara ya ce zai ɗaga zafin termosta. In yarda?

Ɗaga zafi yana ƙara ƙarfin daƙiƙun farko, amma ba ya ƙara wat ko ɗaya, kuma yana gajarta ran zoben roba, yana hanzarta taruwar ɓawo. Idan ƙwararre ne zai sa na'urar daidaita zafi ta lantarki, wadda ake kira PID, cikin iyakar da kamfanin ya yarda, wannan gyara ne mai ma'ana. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada ku bari a cire fis ɗin zafi a ɗaure wurin da waya, ko a toshe bawul ɗin tsaro saboda yana huci. Su biyun nan ne ke tsakanin iyalinku da tukunyar ruwa mai digiri 140.

Tsayin Gaundare yana rage tururi?

Gaundare tana kan tudu mai tsayin mita 1,100 da ɗoriya, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 a buɗaɗɗiyar tukunya. Tukunyar injin a kulle take, saboda haka bambancin bai kai a damu da shi ba.

Wace madara ce ta fi yin kumfa: ta Fulani, ta gari ko ta kwali?

Furotin ɗin madara ne ke riƙe kumfa, mai kuma shi ke ba ta laushi da ɗanɗano. Madarar shanunmu, irin Gudali na Adamawa, tana da mai sosai kuma tana yin kofi mai daɗin gaske, amma da sharaɗi biyu. Na farko na lafiya ne: tururin injin ba ya kashe ƙwayoyin cuta, domin kashe su na buƙatar minti 30 a digiri 63, ko daƙiƙa 15 a digiri 72, kuma ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka na shanu. Dole a dafa ta tukuna, a tace yanar da ta taso, a sanyaya ta a firiji. Na biyu na lokaci ne: ɗanyar madarar da ta yini a ƙwarya ko jarka cikin zafi, manta yakan fara narkewa ya saki sinadaran da ke fasa kumfa, har ta zama komai ƙarfin tururi kumfar ba ta tsayawa, ko da ba a ji tsami a baki ba. Wanda ke da mai kawo masa madarar safe ya dafa ta da isowarta.

Madarar gari mai cikakken mai, irin Nido, tana yin kumfa mai kyau idan an dama ta bisa awon da ke jikin gwangwani, aka bar ta a firiji sa'o'i kaɗan ta jiƙu ta yi sanyi. Wadda ake aunawa daga buhu wani lokaci an cire mata manta an sa man itatuwa, kumfarta kuma ba ta da tabbas. Ta kwali ita ce mafi sauƙin sha'ani ga mai koyo. Kindirmo da nono tsinkewa za su yi da zarar zafi ya taɓa su. Madarar gwangwani mai kauri da sukari kuma a zuba ta a kofi kai tsaye, kada a kai ta bakin bututu.

Yaya zan riƙe moɗar idan tururina ba shi da ƙarfi?

Ku rage madarar. Moɗar ƙarfe mai mililita 350 da madara mililita 150 ita ce daidai da ƙaramin inji. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, ku ajiye moɗar kanta a firiji, domin madara mai sanyi ce ke ba da lokacin aiki. Ku sa kan bututun dab da saman madarar, ɗan gefe da tsakiya, har ku ji yana tsit-tsit kamar yayyafi a kan garwashi. Da zarar moɗar ta kai ɗumin jiki, ku nutsar da kan kaɗan, ku karkata moɗar har madarar ta riƙa juyawa tana haɗiye manyan kumfa. Ku tsaya tsakanin digiri 60 da 65, wato lokacin da tafin hannu ba ya iya jure taɓa gindin moɗar fiye da ɗan lokaci. Bayan digiri 70 zaƙin yana gushewa, warin dahuwa ya shigo. Tururin da ya koma ruwa a cikin madarar yakan kai kusan kashi ɗaya cikin goma, wannan ba aibi ba ne, amma idan ya wuce haka to ba a fitar da ruwan bututu ba kafin farawa.

Idan na yi baƙi shida ko takwas, ranar suna ko sallah, yaya zan yi?

Ƙaramin inji ba zai hura madarar mutum takwas a jere ba, kuma tilasta masa na iya busar da tukunyar. Ku fara fitar da kofin duka, tunda sauka daga zafin tururi zuwa na kofi na cin lokaci. Madarar kuma ku dumama ta a tukunya a kan wuta zuwa digiri 60 ko 65, ku zuba ta a tulun gilashin nan mai matsewa da ake jiƙa kofi a ciki, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tulun, ku ɗaga matsewar sama sau uku ko huɗu domin iska ta shiga, sannan ku riƙa motsa ta a ƙarƙashin madarar na kimanin daƙiƙa 20. Ku buga gindin tulun a kan tebur, ku juya shi, ku zuba nan take kafin kumfar ta rabu da madarar.